Tsofaffi Uku, Yatsa Ɗaya

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Baba ƙaro, Baba ƙaro", na ji ku. Da hagu nake rubutu. Wanda ya ƙosa ya zo ya ara min hannu.

Inda muka tsaya: na zame a banɗaki, wuyan hannuna na dama ya karye, likita ya zuba shi cikin farin siminti. Ina dawowa gida na tarar rundunar Baƙin Hadari, ta wani ɗan wasa da ban san ko wane ne ba, ta sauka a ƙofar birnina. Birnin cikin wasan waya nake nufi, wanda na gina a kan dutse tun yana bukka ɗaya da rijiya.

Da hantsi muna zaune a shagona na kafinta. A gaban gida yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da cikin gida. Na daina aiki, amma benci nawa ne har gobe. Babbar wayar tana kan teburin aiki, an jingina ta da kwalin ƙusa.

Caja ya sunkuyo kanta. Mijin 'yata Auta ne, mai gyaran waya, shi ya sa min wasan tun farko. Yana da ladabi. Son sauƙi ne kawai ya yi masa yawa.

"Baba, maɓalli biyu ne. Kore, na'ura ta yi yaƙin da kanta, kafin ka ƙifta ido an gama. Ja, kai za ka ja kowane soja da yatsanka."

"Ni za ka koya wa?"

"A'a, Baba. Tuni ne."

"Tun da na fara wasan nan ka taɓa ganin na danna kore?"

"Ban taɓa ba. Amma ban taɓa ganin hannunka cikin siminti ba."

Direba ya kwashe da dariya har benci ya girgiza. Abokina ne tun muna samari. Ya tsufa yana jan bas, yanzu tumbinsa yake ja. Kusa da shi ɗaya abokin, Mai Agogo, tsohon mai gyaran agogo da ganinsa ya yi rauni, yana zaune, siriri kamar sandar tsintsiya, yana goge tabarau da ba ya ƙara masa komai.

Direba ya ce, "Kwamanda, yaron nan ya faɗi gaskiya. Danna koren nan mu huta."

"Kai ma?"

"Yaƙi ne fa ba ɗaurin aure ba. Ci ake nema."

Na ce, "Caja, nuna masa."

Na'urar ba ta ɓoye-ɓoye. Idan ka ɗora yatsa a kan kore ba ka danna ba, sai ta nuna maka yadda za a ƙare. Caja ya ɗora. Rubutu ya fito da ruwan zinare cewa nasara tabbas ce. A ƙarƙashinsa fuskokin sojojina suka jeru. Waɗanda za su mutu suka koma launin toka.

Direba ya matso da fuska.

"Wane ne wancan ƙaton mai guduma da ya yi toka-toka?"

"Karanta sunan da ke ƙasansa."

Ya karanta. Dariyar ta ɗauke.

"Ni ne fa!"

"Kai ne. Na kusa da kai, maharbi mai ido ɗaya, Mai Agogo ne."

Su biyun nan su ne sojojina na farko. Ranar da na same su na sa musu sunan abokaina. Da su na kori kurayen daji, da su na ci dodon kogi. Kuma a wasan nan wanda ya mutu ya mutu, ba ya dawowa.

Direba ya juya kan Caja. "Me na yi wa na'urar nan? Na taɓa buge mata ɗa?"

"Ba ƙiyayya ba ce, Baba Direba. Ƙarfi take aunawa. Sojojin farko sun tsufa, ba su da sauri. Sai ta tura su gaba su sha kibiyar farko, don sababbin su tsira."

Mai Agogo ya ajiye tabarau. "Wato mu ne shara."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ita take nufi."

Caja ya sosa ƙeya. "Ai ana iya horar da wani ƙaton, a sa masa suna Direba. Ba wanda zai gane."

"Ku ji min ɗan nan! Wato ranar da na mutu sai ku samo wani mai tumbi ku ajiye a kan benci, a ci gaba da hira?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Amma lokaci yana tafiya. Idan azahar ta yi ba a zaɓa ba, na'ura za ta zaɓa da kanta. Kuma kore za ta zaɓa."

Wannan gaskiya ne. Na sani.

Na gwada da hagu a filin atisaye. Na ja maharba zuwa kan ganuwa, suka faɗa kogi. Na sake ja, suka shige rumbu. Direba ya kau da kai don kada in ga yana dariya. Na gani.

Na ce, "Mai Agogo, miƙo hannunka."

Ya miƙo. Hannun da ya tsufa yana kama ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba. Ko rawa ba ya yi.

"Me kake gani a gilashin wayar nan?"

"Haske. Da wasu abubuwa suna motsi kamar tururuwa cikin madara."

"Direba, kai me kake gani?"

"Har igiyar takalmin wancan mai mashin."

"Taɓa shi."

Ya taɓa. Yatsansa ya kwashi soja uku da bishiya ɗaya.

Na ce, "To. Direba ido. Mai Agogo yatsa. Ni ƙwaƙwalwa."

"Wa ya zaɓe ka?" in ji Direba.

"Birnin wa ne?"

Caja ya miƙe tsaye. "Baba, don Allah. Idan kuka danna ja, shi ma na can za a kira shi ya zo ya ja nasa da hannu. Ganuwa ba za ta cece ku ba. Kuna iya rasa birnin gaba ɗaya."

"Na sani."

"Kore nasara ce a hannu."

"Nasarar da zan zauna ina kallon gurbi biyu a benci babu kowa? Mai Agogo, danna ja."

Direba ya kama gwiwar hannunsa. "Taho. Taho. Dama kaɗan. Tsaya. Sauke!"

Aka busa ƙaho.

Jama'a, da kun ga abin. Direba ya manta yaƙi ake yi, ya koma tasha yana juya bas.

"Taho, taho, taho! Yanke hagu! Yanke duka! Kai, za ka hau kan rijiya! Baya kaɗan. Ƙara. Ƙara. Cak!"

Mai Agogo ido a rufe, yatsa yana tafiya kamar allura. Ni kuwa ina ba da umarni.

"Masu garkuwa bakin gada."

"Sun isa!"

"Maharba su hau ganuwa, kada su harba sai na ce."

"Sun hau!"

Birnina gada ɗaya gare shi, siririya, mutum uku ne ke iya jerawa a kanta. Na'ura ba ta san wannan ba. Ita ƙidaya ta sani, dubu ta fi ɗari. Amma a kan gadar nan dubu ma uku ce.

Ayarin farko na Baƙin Hadari ya taso, dodanni masu kan sa da gatari. Na bar su har suka cika gada.

"Yanzu!"

Kibiya ta sauko kamar ruwan sama. Dodanni suka riƙa faɗawa kogi. Direba ya miƙe yana rawa, tumbi yana gaba yana binsa. Mai Agogo, wanda rabon da in ga haƙoransa tun bikin Auta, ya washe baki.

"Mun ci?"

"Ba mu ci ba. Mun dai gaisa."

Can na lura ƙato mai guduma ya bar sahu, yana tafiya a hankali zuwa bayan rumbu.

"Direba."

"Na'am, Kwamanda."

"Ina ƙato zai je?"

"Wane ƙato?"

"Wanda kake ce wa Mai Agogo ya ja, kana cewa mai garkuwa ne."

Ya yi tari. "Ruwa zai sha."

Mai Agogo ya janye yatsa. "Amfani da makantata kake yi? Kai ka ɓuya, ni ka bar ni a kan ganuwa?"

"Kai siriri ne, kibiya ba ta samunka. Ni ko makaho ya harba sai ya same ni."

"Dawo da shi," na ce.

Aka dawo da shi yana jan ƙafa.

Daga nan wasa ya canza. Ayari na biyu bai zo gada ba. Ya tsaya nesa da kibiya, ya jira. Tun kafin yau na haƙa ramuka a gefen kogi na rufe da ciyawa. Suka zo daf da su, suka kewaye ɗaya bayan ɗaya kamar da fitila aka nuna musu. Akwai kuma masu mashi da na daɗe da ɓoyewa a cikin kurmi. Suka cinna wa kurmin wuta tun daga nesa.

Na ƙura wa gilashi ido.

Direba ya ce, "Kwamanda, wannan fa ba ɗan koyo ba ne."

"Ba iyawa ce ta dame ni ba. Wannan ya san ni. Wannan ya ci abinci a gidana."

Na juya na dubi Caja. Gumi ya keto masa, ga fanka tana kaɗawa.

"Caja."

"Baba."

"Fito da wayarka."

"Haba, Baba."

"Fito da ita."

Ya fito da ɗaya daga aljihun riga. Na ci gaba da kallonsa. Ya fito da ta biyu daga wando. Ta uku daga ɗaya aljihun. Har da wata mai fasasshen gilashi daga jaka.

"Na mutane ne, Baba, gyara aka kawo."

"Jera su. Ɗora hannuwanka a kan tebur."

Ya ɗora. Muka dubi gilashi. Rundunar Baƙin Hadari tana ta tafiyarta, tana kafa majajjawa a kan tudu, daidai inda ba ni da kowa.

Direba ya ce, "Ka zalunci yaro. Ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne, amma ya sani. Dubi kunnensa."

Caja ya ɗaga kai yana ƙirga ƙusoshin rufi.

Ihun da Direba ya sha ya busar masa da maƙogwaro. Ya juya ga ƙofar cikin gida.

"Maman Auta! A taimaki mayaƙa da ruwa!"

Daga ciki aka ce, "Ina zuwa!"

Matata ke nan. Tun ina yaron shago ba ni da ko zarto nawa na kaina muke tare. Ta fito da tire da jug, tana tafiyarta ta kullum, ba sauri.

"Sannunku da jihadi. Har yanzu ba a gama kashe aljanun ba?"

Na ce, "Ajiye ki tafi, ana aiki."

"Aiki." Ta taɓe baki. "Tsofaffi uku sun taru a kan waya ɗaya kamar ƙuda a kan mangwaro."

Direba yana shan ruwa yana leƙen gilashi. "Ikon Allah. Sun tsaya fa. Ko ɗaya ba ya motsi."

Ta koma ciki. Labule bai gama kaɗawa ba Direba ya zabura.

"Sun taso! Sun taso!"

Mai Agogo bai miƙa yatsa ba. Ya karkata kai gefe, yadda yake yi idan yana sauraron agogon da ya lalace.

"Direba, yaushe suka tsaya?"

"Ɗazu."

"Kafin ta ce tana zuwa, ko bayan ta ce?"

Direba ya buɗe baki. Bai rufe ba.

Mai Agogo ya ce, "Sake kiranta."

"In ce me?"

"Ce kofi bai isa ba."

"Maman Auta! Kofi bai isa ba!"

"Kai, wannan mutane! Ina zuwa!"

Muka zuba wa gilashi ido. Wani dodo ya ɗaga dutse zai ɗora a majajjawa. Ya tsaya da dutsen a sama. Runduna duka ta ƙame.

Caja ya rufe fuska da tafin hannu.

Ta fito da kofi.

Na ce, "Ajiye kofin."

Ta ajiye.

"Fito da wayar."

Ta dube ni. Ta dubi Caja. Caja ya ce, "Wallahi Mama ban faɗa ba."

Ta sa hannu cikin aljihun riga ta fito da ita. Ta jawo kujerar da nake yi wa gyara tun bara, ta zauna a ɗaya gefen teburin, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"To, an gane. Sai me?"

Direba ya dafe ƙirji. "Maman Auta! Ke ce Baƙin Hadari? Ke da kike ba ni ruwa?"

"Sha ka ƙoshi. Anjima babu dama."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce in daina yi maka magana kana yaƙi, ba abin da na gane a ciki. Na kira Caja na ce ya sa min."

"Kin kawo min hari hannuna a karye."

"Rundunar ta taso kafin ka faɗi. Idan ta taso ba a mayar da ita. Wa ya aike ka shiga banɗaki da silifas ɗin da ya cinye?"

Mai Agogo ya ce, "Yaya aka yi kika tara wannan jama'a haka? Shi ya riga ki farawa da nisa."

"Kore nake dannawa."

Na buga tebur da hagu. "Na faɗa! Ragwanci!"

"Saurara, Malam. Ƙananan yaƙoƙi nake bar wa na'ura, yadda nake bar wa inji wanki. Ɓarayin daji, kuraye, masu satar awaki, in danna kore in tafi kicin. Kafin ruwa ya tafasa an ci gari. Kai kuwa ko ɓera ne ya shiga rumbunka sai ka zauna rabin yini kana jera masa maharba."

Direba ya ce, "Wannan kam an yi. Ina wurin."

"Rufe min baki."

Ta ci gaba. "Na'ura baiwa ce, ba uwar ɗaki ba. Aikin wahala nata ne. Amma yaƙin da na damu da shi ba na ba ta. Wannan da hannuna na zo."

"Ramukan fa? Wa ya nuna miki?"

"Kai."

"Ni?"

"Kullum a kan abinci. 'Yau na haƙa rami a gefen kogi. Yau na ɓoye masu mashi a kurmi.' Ina cewa to, to. Ka ɗauka bango kake yi wa magana."

Mai Agogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ƙyale shi.

Na ce, "Duk biranen da ke cikin wasan nan, sai nawa?"

Ta ajiye wayar. Murmushin ya ragu.

"Ka buɗe sojojinka ka duba. Akwai Direba. Akwai Mai Agogo. Akwai Caja, akwai Auta. Har mai kawo maka katako ka sa wa wani mai garkuwa sunansa. Har kyanwar maƙwabta tana da doki. Ni da na wanke maka riga mai ƙurar katako har hannuna ya yi kanta, ko mai ɗaukar tuta ba ka sa wa sunana ba."

Direba ya ajiye kofi a hankali.

Ba na son irin wannan magana a gaban mutane. Amma an tambaye ni.

Na ce, "Wanda aka sa wa suna a wasan nan yana iya mutuwa."

"To?"

"Ba zan zauna ina kallon sunanki ya koma toka ba. Ko a wasa."

Ta kama bakin ɗankwali tana murzawa. Caja ya juya baya yana duba wayar mutane a kife.

Sai Direba ya yi gyaran murya.

"Tsaya, Kwamanda. Wato mu da ka sa wa suna, mu ba komai in mun mutu?"

"Ku kun saba."

Dariya ta ƙwace mata. Ta yi har da share ido. Mai Agogo ya kusa faɗowa daga benci.

Ta ce, "Malam, ka yi magana mai daɗi. Rabon da ka yi irinta tun haihuwar Auta." Ta ɗauki wayar. "Amma gadar nan sai na ci."

"Bismillah."

"Idan na ci, birnin ya koma sunana. A rubuta shi a saman ƙofa da manyan baƙaƙe."

"Idan kin ci."

Caja ya matso. "Baba, koren yana nan a kusurwa. Ko a tsakiyar yaƙi ana iya miƙa wa na'ura. Har yanzu lissafi yana wajenka, saboda ganuwa. Danna ka riƙe birninka."

Ta ce, "Danna mana. Ni ba zan ji haushi ba. Ka dai san su wa za su biya."

Na dubi Direba da Mai Agogo. Su ma ni suke kallo.

"Caja, idan ka sake ambatar kore a shagon nan, Auta za ta dawo ɗakinta na da."

"Na yi shiru, Baba."

Direba ya tashi ya ɗauko wani falanki ya kafa a tsakiyar tebur, tsakaninmu da ita. Muka haɗa kai a bayansa.

Na rage murya. "Tana da macijin wuta mai fiffike. Ba ta fito da shi ba. Shi ne ƙarfinta. Ba ya saukowa ƙasa sai ya ga babban nama shi kaɗai."

"Me ka ce?" in ji Mai Agogo.

"Babban nama!"

Daga bayan falanki ta ce, "Ku yi ta raɗa. Kurame uku, raɗarku har titi ake ji."

Na daina magana. Na nuna gada da hagu. Na nuna ƙarƙashinta, inda akwai duwatsun da maharba za su iya laɓewa. Sannan na tsaya. Ban nuna na ukun ba.

Direba ya gane. Ya dubi ƙaton nasa, ya dubi gadar. Ya shafa tumbi.

"Babban naman ni ne ko?"

"Ba dole. In ba ka so, mu nemi wata hanya."

"Akwai wata?"

"Babu."

Ya ja numfashi. "Da na'ura ce ta tura ni, da na kai ƙara. Amma tunda tambayata aka yi." Ya kama gwiwar hannun Mai Agogo. "Taho da ni. Taho. Tsakiyar gada. Ƙara. Nan. Ja birki."

Ƙato ya tsaya shi kaɗai a kan gada, guduma a kafaɗa. Maharba suka sulale ƙarƙashi, mai ido ɗaya a gabansu.

Sama ta yi duhu a gilashi. Macijin ya fito daga bayan tudu, ja wur, fiffikensa ya rufe rabin kogi. Ya kewaya sau ɗaya. Ya sauko.

"Kwamanda, yana zuwa!"

"Jira."

"Yana buɗe baki!"

"Jira."

Wuta ta lulluɓe gada. Layin ran ƙato ya fara zubewa kamar buhun da ya huje.

"Ina ƙonewa! Wallahi har zafi nake ji!"

"Jira ya nuna ciki."

"Ya nuna! Ya nuna!"

"Harba!"

Mai Agogo ya sauke yatsa ba tare da an ja shi ba. Ban san yadda ya gano wurin ba. Kibiyoyi suka tashi daga ƙarƙashin gada gaba ɗaya. Macijin ya yi ƙara, ya karkace, ya bugi bakin dutse, ya faɗa kogi. Ruwa ya yi tururi.

Shago ya kaure. Direba ya ɗaga Mai Agogo sama kamar jariri yana juyi da shi. Falanki ya faɗi. Kwalin ƙusa ya zube. Caja, munafuki, har da tafi. Ni ban yi rawa ba. Na dai ɗaga simintin sama sau ɗaya.

"Ina raye? Ku duba min, ina raye?"

Ƙato yana tsaye. Gemunsa ya ƙone, ransa saura ɗan siririn layi kamar zare. Amma yana tsaye.

"Maman Auta, kawo wani ruwan! Na masu nasara!"

Ba ta tashi ba. Ba ta ma ɓata rai ba. Tana zaune ta harɗe ƙafa tana kallonmu kamar mai kallon jikoki suna wasa a ƙasa.

"Sannunku da ƙoƙari. Wallahi kun burge ni."

Ban so muryar nan ba. Na san ta.

Ta ce, "Wancan ɗan ne. Bai daɗe da fita daga ƙwai ba."

Direba ya sauke Mai Agogo. Ya matso gilashi. Fuskarsa ta sauya.

"Kwamanda."

"Faɗi."

"Ba ta gaba ba. Ta baya, ta wajen rijiya. Inuwa ce ta rufe birnin duka."

Uwar ta ɗago kai daga bayan dutse. Kan kawai ya fi ƙofar birni girma. Maharbana duk suna ƙarƙashin gada, kwari babu kibiya. Mai ido ɗaya ya fito fili. Ƙato yana tsakiyar gada, ko tari aka yi masa ya tafi.

A kusurwar gilashi koren yana ƙiftawa. Caja ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Mai Agogo ya miƙa hannu, yatsa a sama.

"Ina zan sa shi, Kwamanda?"

Matata ta dube ni ta saman waya.

"Yi sauri, Malam. Na ɗora tukunya."

Ta sauke yatsanta.